Riƙon Halla

Kurkivaara, farkon Nuwamba

Urpo,

"Ke da kika ƙare ƙuruciyarki a jami'a, shafi huɗu ne zai gagare ki?" Da wannan Gwaggo Vuokko ta tare ni, tana kwance da sabon ƙugunta na ƙarfe, ni kuwa ko takalmi ban cire ba. Na ce mata fannina waƙoƙin mutanen da suka daɗe da mutuwa ne. Ta ce, "To madalla, karnuka sun fi su sauƙi, suna nan da ransu." Shi ke nan na zama mai rubuta takardar labarai ta Gidan Hutun Karnuka.

Yi haƙuri, ban gaishe ka ba. Ina fata kana lafiya, warin kifin Norway bai gama kashe maka hanci ba. Yaya ciwon bayan? Ni ƙalau nake. Jami'a ta ba ni hutu har bayan sabuwar shekara don in yi jinyar Gwaggo. Aikin da aka yi mata ya yi kyau, ta fara takawa da sanduna biyu tana zaginsu. Rubutu na zaɓa saboda waya ba ta samun jirginku a tsakiyar teku, kuma ko ta samu ka san halinmu, shiru za mu yi wa juna.

Ga labarin ƙungiya. Wani mai yawo da baƙi a arewa ya rufe harkarsa, ya bar tsofaffin karnuka tara masu jan amalanken ƙanƙara. Ba don Gwaggo ba da allurar kisa za a yi musu. Rumfar ƙungiya ta yi musu kaɗan, ana so a ƙara ɗaki mai ɗumi kafin sanyi ya kankama. Tunda doka ba ta barin a miƙa hannu neman gudummawa haka kawai sai da izini, za a yi abin da aka saba: kasuwar Kirsimeti a zauren coci, safa saƙar hannu, burodin pulla mai zaƙi da kofi. Duk macen da ke garin nan saƙa take yi kamar yaƙi ya taho.

Shafin ƙarshe na gargaɗi ne. Na rubuta cewa kada a saki karen amalanke ba igiya, don gudu gaba kawai aka koya masa, ba a koya masa dawowa ba. A ɗaura masa abin sheƙi a wuya saboda motoci, tunda duhu ke sauka tun la'asar. Kada a hau tafki da shi yanzu, ƙanƙarar ba ta yi ƙwari ba. A ɓoye cakulan da zabibi da albasa da cingam. In ruwan hana injin mota daskarewa ya zube a goge nan take, yana da zaƙi kuma yana kisa. Sirkka, sakatariyar kwamiti, ta karanta ta ce rubutun ya yi sanyi, bai nuna ina son dabbobi ba. Na ce mata ni ma yanzu muke sabawa.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki biro. An ba Baba riƙon ɗaya daga cikinsu kafin a samo mata gida. Sunanta Halla, shekararta goma sha ɗaya, idonta ɗaya ya yi fari. Ba ta taɓa shiga ɗaki ba a rayuwarta. Ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon daɓen katako kamar zai nutse da ita. Sai Baba ya kwaso tsoffin dardumar Mama ya shimfiɗa mata hanya tun daga ƙofa har murhu, ya zauna a ƙasa da gwiwoyin nan nasa yana jira.

Urpo, mutumin da bai haɗa jimla uku ba tun jana'izar Mama, yanzu karanta wa karya jarida yake yi, har da labarin wasanni. Madam yake ce mata. Faranti biyu yake ajiyewa, kuma na biyun ba nawa ba ne. Sau biyu ya kira ni da sunanta, na amsa, don ban taɓa jin ya kira ni da taushi haka ba. Ina ganin mun rasa uba, amma karya ta samu.

Kafin Kirsimeti kwamiti zai yanke wa za a ba ita dindindin. Baba bai roƙa ba, ka san ba zai roƙa ba, amma ya sayo sabuwar igiya mai tsada. Sirkka ta ce shekara saba'in da takwas ta yi yawa ga mai kare. Ni zan roƙa masa.

Ƙanwarka,
Kaisu

*

Kurkivaara, farkon Disamba

Urpo,

Ina gaisuwa. Ban ji daga gare ka ba, na ɗauka kuna can tsakiyar ruwa. Kowa lafiya, in ka cire mai ƙafa huɗu.

Kasuwa ta ci. Safa ta ƙare kafin azahar, har limamin coci ya sayi guda mai ruwan hoda ya ce ta matarsa ce, alhali kowa ya ga girman ƙafar. Gwaggo ta toya burodi tire uku a zaune kan kujera mai tsawo, har da na masu ciwon sukari irinta. Kafinta ya ce abin da aka samu zai kai bango da rufi, ƙofa kuma sai an sake saƙa. Baba ya zo da Halla, ya zagaya da ita kamar mai nuna amarya, ya sha kofi, suka tafi.

Ina tattara kofuna wayata ta yi ƙara. Baba ne. Ka tuna yaushe Baba ya taɓa kiran wani? Ya ce, "Kaisu, Madam ba ta iya tsayuwa."

Na iske ta ta yi amai, tana tangaɗi, jikinta na karkarwa. Na tuƙa mu zuwa birni, shi yana baya ya rungume ta cikin kwat ɗinsa. Sirkka ta biyo mu, tunda karyar ta ƙungiya ce. Likitar dabbobi ta auna ta ce sukarin jininta ya faɗi ƙasa warwas. Ta tambaya ko ta ci wani abu mai sukarin itace, zailitol. Na ce wane, wannan da ake ba yara bayan kowane abinci don haƙora? Ta ce shi. A wurinmu lafiya ne, a wurin kare guba ne: yana zubar da sukarin jini cikin ɗan lokaci, yana iya lalata hanta, kuma kaɗan ya isa.

Baba ya daɗe yana kallon bango. Sai ya sa hannu a aljihu ya fiddo ɗan gwangwanin alewar haƙori, ya girgiza shi ya yi ƙara. Ya ce, "Ni ne."

Sirkka ta tsuke baki irin tsukewar da ta fi magana ciwo.

Halla ta rayu. An yi mata ƙarin ruwa, ta kwana biyu a can, za a riƙa duba hantarta. Likitar ta ce saurin kawo ta ne ya cece ta, kuma wannan ma Baba ne, amma ba wanda ya lissafa masa. Da aka sallame ta Sirkka ta wuce da ita rumfar ƙungiya, wai na ɗan lokaci.

Har yanzu ina ganin zan iya shawo kan kwamiti. Kuskure ɗaya ne, kuma rabin garin ba su san abin yana kashe kare ba. Ni kaina cingam kawai na rubuta, shi ma don na gani a littafi. Ka rubuto.

Kaisu

*

Båtsfjord, ƙarshen Nuwamba

Farfesa,

Gaisuwa mai yawa. Ina lafiya, baya na nan yadda kika san shi. Yau muka shigo tasha na iske wasiƙarki ta farkon wata, gobe za mu koma. Ki gaida Gwaggo, ki ce ta bar zagin sanduna, su ne ke ɗauke da ita.

Na karanta abin da kika rubuta a kan Baba sau uku, ban yi dariya ba. Faranti biyu. Yana kiranki da sunan karya. Ya zauna a ƙasa yana jira. Kuma da hannunki kika rubuta mun rasa uba. Kaisu, haka Kaka ta fara, ke kina ƙarama ba za ki tuna ba, ni na tuna. Da farko ma dariya ake yi, har ranar da aka tsinto ta a bakin titi ba takalmi.

Na san ke ba ki son faɗin abu kai tsaye, sai kin naɗe shi cikin wasa, to na gane. Tunda kina da nauyin Gwaggo, na rage miki aiki. Na kira ofishin kula da tsofaffi na ƙaramar hukuma, na faɗa musu abin da kika gani. Sun ce za su turo wata ta duba shi. Gara a sani da wuri.

Ki ajiye mini safa biyu, manya, ba ruwan hoda ba.

Yayanki,
Urpo

*

Kurkivaara, tsakiyar Disamba

Urpo,

Lafiya lau, na gode. Wasiƙarka ta iso bayan matar da ka turo, don haka na samu amsar kafin tambayar.

Na ga wasiƙunmu sun saɓa a hanya, ba ka san abin da ya sami Halla ba lokacin da ka ɗauki waya. Wannan ne kaɗai ya hana ni rubuta maka abin da ke bakina. Wasa nake yi, Urpo. Ina ba ka labarin mutum ya farfaɗo ne, kai kuma ka karanta ya tafi.

Matar mai kirki ce. Ta tambayi Baba yau wace rana, ya faɗa. Ta ce ya zana agogo, ya zana, ya tambaye ta ko tana so ya sa masa batir. Ta tafi tana cewa ƙwaƙwalwarsa ta fi tata. Sai dai motarta mai tambarin hukuma ta yi tsawon hantsi a ƙofar gida, kuma ka san tagogin garin nan ba don haske kawai aka yi su ba.

Kwamiti ya zauna ranar Talata. Na yi jawabi mai kyau, da a jami'a ne da an tafa. Sirkka ta ce, "Kaisu, ba ƙiyayya ba ce. Mutum ya ba karya guba, ɗansa na cikinsa ya kira hukuma a duba kansa. In muka mayar masa da ita ta mutu, me za mu ce wa mutanen da suka sayi safa?" Gwaggo, wadda ba a taɓa yin taro ta bar wani ya gama jimla ba, ta zauna tana kallon kan sandarta. An yanke: wasu mutanen birnin Oulu za su zo bayan sabuwar shekara su ɗauki Halla.

Na faɗa wa Baba. Ya ce, "To." Ya naɗe dardumomin ya mayar sito. Jaridu na taruwa a akwatin waje ba mai ɗaukowa. Yana ci in na zuba, yana kwanciya in duhu ya yi, wato tun la'asar. Halla kuma a rumfa tana barin rabin abincinta, in mota ta tsaya sai ta miƙe, in ta ga wanda ya fito sai ta koma ta kwanta.

Safarka na nan. Ruwan toka ce, kada ka damu.

Kaisu

*

Båtsfjord, jajibirin Kirsimeti

Kaisu,

Ina gaisuwa. Wasiƙunki biyu na iske tare. Na yi wauta, ba sai na tsawaita ba. Na kira Baba, ya ce ba komai, ya tambaye ni yanayin teku, ya ajiye.

Amma wani abu ya tsaya mini. Wace alewar haƙori? Baba ba shi da haƙori nasa ko ɗaya tun kafin ki tafi jami'a, a kofi suke kwana. Kuma ya tsani abin, cewa yake ɗanɗanon asibiti gare shi. In gwangwanin kore ne mai lotsattsen murfi, na Mama ne. Lokacin da take asibiti kina ƙasar waje, ni na ga ya ɗauke shi daga kan teburinta. Ashana yake zubawa a ciki don kada ta jiƙe in ya je kamun kifi. Tare muka sha hura wuta da ita.

Ke ce mai ido. Ki duba.

Urpo

*

Cikin motar Kajaani, farkon Janairu

Urpo,

Barka da sabuwar shekara. Ina lafiya, in rubutun ya karkace laifin hanya ne.

Na duba. Ashana ce.

Ban san me zan yi da wannan ba sai ranar da muka je mayar da kayan coci ni da Sirkka. Tana goge kofuna tana cewa, "Ni fa tausayin babanki nake ji, kada ki ɗauka ba ni da zuciya. Mutumin kirki. Shi ya sayi burodi na ƙarshe a tiren Vuokko, na marasa sukarin nan da kowa ya tsallake, don kada ta ji ba daɗi. Har ya ce rabi nasa, rabi na Madam." Ta ci gaba da gugarta, ba ta ji abin da ta faɗa ba. Ni kuwa na tuna farar jakar sukarin itace da ke kan kantar Gwaggo, wadda na ɗaga na goge ƙarƙashinta ban san sau nawa ba.

Na sami Baba a kicin. Na ajiye gwangwanin a gabansa a buɗe. Ya dube shi ya ce, "Ba a koya miki ba a shiga aljihun mutane ba?"

"Burodin Gwaggo ne."

"Vuokko ta yi shekara ashirin tana ƙwato karnuka daga bakin allura. In aka ji burodinta ne, a kasuwarta, wa zai sake sayen ko safa ɗaya? Ni tsoho ne. Tsoho in ya yi kuskure ba labari ba ne."

"Halla fa?"

"A Oulu akwai yara. Za ta saba." Ya ɗauki gatari ya fita faskara itacen da ya riga ya faskara.

Na wuce wurin Gwaggo da jawabina a shirye, ba ta bari na fara ba. Ta ce, "Na sani. Tun da Sirkka ta dawo ta ambaci sukarin itace na sani. Washegari ubanki ya zo ya tsaya nan inda kike, ya ce in na buɗe baki ba zai sake taka gidana ba. Ƙanina ne, amma kin san kansa." Ta rame, Urpo. Ina gidan nan ina ba ta magani, na ɗauka ƙugun ne.

Na ce, "Wato ku biyu kun gama shawara, karyar ce kawai ba a tambaya ba."

"Kada ki yi mini jami'a a kicin ɗina."

"To bari in yi miki tambayar ƙauye. Mata nawa ne ke toya burodi da wannan sukarin a garin nan?"

Ita ta koya musu, duk wadda likita ya hana sukari Gwaggo ce ke kai mata jaka ta nuna mata awo. Kuma kusan kowace tana da kare, yawanci ma daga hannun Gwaggo ya fito. Na ga tana bin gidajen ɗaya bayan ɗaya a ranta.

Ta ce, "Ɗauko biro."

Ga abin da ta sa na rubuta, shi ne shafin farko na takardar Janairu, ban gyara ko kalma ba: "Ni Vuokko, da burodina na kusa kashe Halla. Na toya shi da sukarin itace, ban san guba ne ga kare ba. Ɗan'uwana Veikko ya ɗauki laifin don ya rufa mini asiri, na bar shi ya ɗauka. Duk mai wannan sukarin ya ɗora shi sama, kuma kada ya ba kare ko ɓarɓashin abin da aka toya da shi. In kare ya ci, kada a jira a ga abin da zai faru, a tafi wurin likita nan take. Har yanzu muna neman kuɗin ƙofa."

Ta karanta shi da bakinta a gaban kwamiti. Sirkka ta yi kuka, don ita ta naɗe burodin a takarda ta miƙa wa Baba. Ita ta kira mutanen Oulu, suka yarda su ɗauki wani kare namiji mai son yara a madadin Halla. Mata biyu sun ce ba za su sake kawo komai kasuwa ba, wata kuma ta je gida ta zubar da abin da ta toya. Ko za a sami ƙofa kafin bazara, ban sani ba.

Baba ya ji labari kafin in isa gida. Kwana biyu bai yi mini magana ba, wanda ba shi da sauƙin ganewa, amma na gane.

Yau da safe na je gidan Baba sallama da jakata. Ina tsaye a kicin sai ga tasi. Gwaggo ta fito da sanda ɗaya a hannu, igiya a ɗaya hannun, Halla na jan ta kamar amalanke, direba na bin su yana salati irin nasa. Ta buɗe ƙofa ba ta ƙwanƙwasa ba. Halla ta wuce kowa ta je ta cusa kanta tsakanin gwiwoyinsa, tana wani kuka ƙasa-ƙasa. Bai taɓa ta ba da farko. Hannunsa ya tsaya a sama da kanta.

Ya ce wa Gwaggo, "Kin karya alkawari."

"Na karya. Cewa ka yi ba za ka taka gidana ba, ba ka ce kada in taka naka ba. Akwai kofi?"

Ya dube ta sama da ƙasa. "Hannu rabbana kika zo?"

"Tsoron toya komai nake ji," in ji ta. Ka taɓa ganin Gwaggo ta shiga gidan wani ba ƙunshi?

Ya ce mini in ɗauko busasshen burodin hatsi a kabad, da man shanu. Na ɗauko, na zuba musu kofi. Suka zauna suna taunawa ba mai kallon wani, kowa na jiran ɗan'uwansa ya fara, kuma na san za su kai Ista a haka cikin kwanciyar hankali. Hannunsa ya riga ya sauka, yana bayan kunnenta.

Na ce mota za ta wuce ni. Gwaggo ta ce in aiko da rubutun watan gobe ta gidan waya, ba ta sallame ni ba. Baba bai tashi ba, ba halin tashi, kan Halla na bisa cinyarsa. Ya ɗago ya dube ni sosai, ya ce, "Kaisu. Ki ja ƙofar da kyau, iska na shigo mata."

Na ja ta har sai da na ji ta kama, na ɗauki jakata na gangara titi.

Ƙanwarka,
Kaisu